Hattara da matar nan mai tallar ɗanyen abincin kyanwa a Jos

Assalamu alaikum 'yan uwa masu kiwon kyanwa a Jos da Bukuru. Na daɗe ina juya maganar nan a raina, in faɗa ko in haɗiye, don wanda aka damfara shi ke kwana da kunya. Sai shekaranjiya na ga ta sake ɓullowa a Instagram da sabon suna. Hotunan dai su ne, robobin nan masu jan murfi su ne, har kalaman tallar ba ta canza ba. Ba zan kama suna ba, sunan ma ba nata ba ne, sauya shi take kamar riga. Yadda take tafiyar da harkarta zan faɗa muku, duk wanda ta tunkara zai gane ta.

Kyanwoyi biyu gare ni. Akwai muzuru ɗan gida da yara suka tsinto a bayan wani shago a Rikkos, sai wata ƙarama mai gashi da ƙanwata ta ba ni tana wata uku. Da abincin buhu nake haɗa musu. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, naira ta faɗi, kayan waje suka yi tashin gwauron zabi, buhun ya fi ƙarfina. A gidan da ake lissafin kuɗin cefane da na makaranta, ba ka da bakin cewa a ware wa mage dubbai. Ina cikin wannan hali na ci karo da tallarta.

Baki gare ta, wannan kam ba a ƙwace mata ba. Saƙon murya ta turo min: "Hajiya, kyanwa fa 'yar uwar zaki ce. Kin taɓa ganin zaki yana cin biskit?" Ta ce haɗin nata ɗanyen naman kaza ne da hanta da kifi da ƙwai, an niƙa, an zuba bitamin. Ta ce wani likita a Vom, garin da cibiyar binciken lafiyar dabbobi take, ya gwada ya sa hannu. A jikin robar ga takarda mai lambar NAFDAC. Wata guda naira dubu 12, amma in ka biya na wata uku a dunƙule dubu 30 ne, in kuma ka kawo mata mutum biyu za ta ƙara maka na mako guda kyauta. Shago babu. Duk Asabar mai keke zai kira ka, ka fito bakin titi ka karɓa. Sunan da ke kan asusun bankin daban yake da sunan da take amsawa, na tambaya ta ce na maigidanta ne. Na tura dubu 30. Abin da ya fi ci min rai, na jawo maƙwabciyata da wata 'yar ajinmu.

Makonni biyun farko babu abin kushewa. Nama ne ja, kana ganin tsokarsa, kyanwoyin har rige-rige suke. Da wannan take sayen bakinka, ka ɗauki bidiyo ka tura mata, ita kuma ta ɗora a matsayin shaida. Bidiyon muzuruna yana cikin waɗanda take yawo da su har yanzu.

Daga mako na uku launin ya fara komawa toka-toka. Wari ya sauya, sai ƙamshin kori da magi ya danne shi. Na yi magana ta ce sabon bitamin ne. Wata ranar Lahadi na ce bari dai in gani da idona. Na narkar da roba ɗaya, na juye a rariya, na sakar mata famfo. Ruwan da ke zuba fari ne kamar na gasara, garin masara ne ke wankewa. Abin da ya rage a rariyar bai cika tafin hannuna ba: fata, kitse, guntayen ƙafar kaza, tushen gashin da ba a fige da kyau ba, ƙayar kifi, da yankakkiyar albasa jingim. Albasar an zuba ta ne don ta ɓoye wari. Na tsaya a bakin famfon nan hannuna yana rawa, don makonni ke nan ina zuba musu wannan da bismillah.

A lokacin ƙaramar ta riga ta fara gudawa, na ɗauka sanyin Jos ne. Sai ta daina hawa kujera. In ka ɗaga ta sai ta yi ƙara, tafiyarta kamar mai taka ƙaya. Muzurun kuma ya koma kwanciya wuni guda, shi da ba ya barin ƙadangare ya sha rana. Na sa su a kwali na kai asibitin dabbobi, har da ragowar robar.

Likitan ya ɗaga leɓen muzurun ya nuna min dasashinsa, fari fat. Ya ce, "Hajiya, albasa da tafarnuwa farfasa jajayen ƙwayoyin jinin kyanwa suke, ɗanye ko dafaffe duk ɗaya ne." Ƙaramar aka yi mata hoton ƙashi. Ya ɗaga hoton a haske, ƙasusuwan sun yi shara-shara kamar takarda. Bayanin da ya yi min shi ne, tsokar nama da hatsi ba su da isasshen kalsiyam, in 'yar kyanwa mai tasowa ba ta samu a abinci ba, jikinta zai riƙa zarowa daga ƙashinta har ya yi laushi, wata ma tsalle kaɗan za ta yi ta karye. Kyanwar da ke farauta ba ta shiga wannan matsala saboda ɓera take ci gaba ɗayansa, da ƙashi da kayan ciki.

Nan ne na gane inda matar ta ɗauko gaskiya ta lulluɓe ƙarya da ita. Tabbas kyanwa maciyar nama ce, ba kamar kare ba da zai rayu a kan tuwo da miya. Akwai wani sinadari, tawurin, da jikinta ba ya iya haɗa isasshe, dole sai daga nama. Ya fi yawa a zuciya da naman cinya, a masara kuwa babu shi. Rashinsa ba ya nunawa a mako ɗaya ko biyu, sai an yi watanni, sannan ido ya fara mutuwa, zuciya ta saki ta kasa harba jini. A 1987 ne masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis suka tabbatar da alaƙarsa da wannan ciwon zuciya, daga nan kamfanonin abincin kyanwa suka ƙara yawansa. Wato mai irin wannan sana'a za ta iya cin kuɗinka ta ƙara gaba tun kafin illar ta fito, in ta fito kuma ka ce ajali ne. Wasu nau'o'in ɗanyen kifi su ma suna lalata bitamin B1, kyanwa ta riƙa tangaɗi, wuyanta ya lanƙwashe. Hanta in ta yi yawa kullum, bitamin A ya taru ya sandarar da wuya.

Maganar inda take samo kajin ita ce ta hana ni barci. 'Yar ajin nan tawa ta fi ni zafi, ta tsare mai keken da tambaya har ya faɗa mata cewa da sassafe yake kai matar bayan wasu gonakin kaji, ana miƙo mata buhu ta katanga. Mushe ne, kajin da suka kwana suka mutu, waɗanda ya kamata a binne ko a ƙone. Ku da kuke Filato kun san yawan gonakin kajin da ke kewaye da mu, kun kuma san murar tsuntsaye ba baƙuwarmu ba ce. A 2006 aka fara tabbatar da ita a Najeriya, a jihar Kaduna, kuma Filato na cikin jihohin da ta shafa. Cutar tana kama kyanwa. A 2023 kyanwoyi sun mutu da ita a Koriya ta Kudu, aka samu ƙwayar cutar a abincin da aka yi da ɗanyen naman agwagwa. A ƙarshen 2024 wata kyanwar gida ta mutu a jihar Oregon ta Amurka bayan cin ɗanyen naman talotalo na kanti. Can ke nan da ake sa ido. Firiza ba ta kashe wannan ƙwayar cuta, ba ta kashe salmonela, ƙwayar cutar da ke sa gudawa, ajiye su kawai take yi, wuta ce ke kashe su. Balle mu da ake ɗauke lantarki, abu ya narke ya sake daskarewa sau nawa kafin Asabar. Robar nan kusa da naman miyarmu nake ajiye ta, kuma autana mai rarrafe ne, kwanon kyanwa abin wasansa ne. Allah ne kawai Ya tsare.

Da muka bincika lambar NAFDAC ɗin, ta wani ruwan leda ce, ta kwafo ta manna. Zancen Vom kuwa suna ta ara. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa tana can tun 1924, duk ɗan Jos yana jin sunanta da girma, shi ya sa babu wanda ya ce ta nuna takarda. Ni ma ban ce ba.

Wani zai ce duk wannan a kan mage? Wanda ya san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ta nemi abincinta ba, ba zai yi wannan tambaya ba. Mu ne muka kulle su a ɗaki, abin da muka zuba shi za su ci.

Yanzu da kaina nake zuwa wajen 'yan kaji. Ina sayen cinya da zuciya da ƙundu, waɗanda aka yanka a gabana, hanta 'yar kaɗan. In dafa har jan ciki ya ɓace, babu gishiri, babu magi, babu albasa. Romon ba na zubarwa, don tawurin yana fita cikin ruwan dahuwa. Ƙashin da ya dahu ina cire shi tas, tsagewa yake ya soke hanji. Ɓawon ƙwai nake tafasawa, in shanya, in daka ya yi laushi kamar hoda, in barbaɗa gwargwadon awon da likita ya rubuta min. Kada ku tambaye ni awon, na kyanwata ne da nauyinta, ku je a auna taku. Ya kuma ce girkin gida shi kaɗai da wuya ya cika komai, don haka ƙaramin buhu nake saya in raba, rabi wannan rabi wancan, sai ya kai ni ninkin kwanakin da. In za ku sauya abinci ku bi a hankali cikin mako guda, kyanwar da ta yi kwana biyu ba ta ci ba kuma a kai ta asibiti, hantarta na iya taɓuwa. Don Allah kada wanda ya ba kyanwa farasitamol, ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta. Saura kaɗan in ba ƙaramar a daren da take kuka.

Muzurun ya murmure, dasashinsa ya dawo ja. Ƙaramar ta yi makonni a keji don kada ta yi tsalle, yanzu tana takawa, sai dai ƙafar bayanta ɗaya ta ɗan karkace. Kuɗin magani ya ninka abin da na yi zaton na yi tsiminsa. Maƙwabciyata ta rasa 'yar kyanwarta ɗaya, har yau in muka haɗu a bakin ƙofa sai in rasa inda zan sa idona.

Mun kai ƙorafi banki da wajen hukuma, da hotunan saƙonni da shaidar tura kuɗi, muna jira. Wanda ta taɓa ya adana nasa, kada ya goge. In kuma ta turo muku saƙon zaki da biskit, ku ce kun yarda, amma za ku zo ku ga kazar kafin a niƙa, kuma mako-mako za ku riƙa biya. Abin da na rubuta mata ke nan a ranar da na wanke robar, na haɗa da hoton rariyar. Minti biyar ba su cika ba hotonta ya ɓace daga WhatsApp ɗina, da sauran kuɗin wata biyu a hannunta.