Ƙaramin bikin aure a bakin teku: wane wuri za ku kama, me za ku saya, me za ku bari

Bakin teku ba shi da rufi, ba shi da wutar lantarki, ba shi da wurin zama, sau da yawa ma ko makewayi babu. Duk wanda ya ce zai yi biki a can don ya rage kashe kuɗi, to ko dai ya yi hayar waɗannan abubuwa huɗu, ko ya kama wurin da ya riga ya mallake su, ko kuma ya tsara bikin yadda ba zai buƙace su ba. Idan kun riƙe wannan a zuciya, kwatanta wurare zai zo muku da sauƙi.

Kafin ku kira kowa ku tambayi farashi, ku zauna ku rubuta sunayen mutanen da za ku gayyata. Kujera, abinci, inuwa, mota, duk da kai ake lissafinsu. Mutum 15 na iya tsayuwa na minti ashirin su watse, ba wanda zai ce uffan. Mutum 60 kuwa taro ne, sai da izini, sai da lasifika, sai da mai kula da shiga da fita.

Bakin teku na kowa da kowa

Wannan shi ne mafi araha a takarda. Rairayin ba mallakar wani ba ne, abin da za ku biya bai wuce kuɗin takardar izini ba, wani wurin ma ƙaramin taro ba ya buƙatarta. Amma ku tambayi hukumar da ke kula da wurin tun da wuri, don ƙa'idojin sun sha bamban: wani wuri an ƙayyade yawan mutane, wani an hana kafa rumfa, wani an hana lasifika, kwalba, wuta ko balan-balan. Inda kunkurun teku ke hawowa yin ƙwai, akan hana kunna fitila da dare a lokacin, saboda haske na ɓatar da 'ya'yan su kasa gane hanyar ruwa. Sannan a wurare da dama takardar izini ba ta ba ku ikon korar kowa. Mai ninkaya da yara masu buga ƙwallo suna da haƙƙi daidai da naku, kuma za su fito a bayan hotonku.

Inda araharsa ke ƙarewa shi ne ranar da kuka fara ƙara kaya. Kujeru hayarsu daban, kawo su daban, sannan masu ɗauko su daga bakin titi zuwa cikin rairayi su ma sai an sallame su, tunda mota ba ta shiga. Ku ƙara rumfa, janareta, makewayin tafi-da-gidanka, ku ga yadda lissafi zai kamo na otal. Araha ba ta ado. A ganina wannan zaɓi na masu mutum ashirin ne ko ƙasa da haka, waɗanda za su yi gajeren taro su ɗauki hoto, sannan su wuce wani wuri mai rufi su ci abinci.

Gidan abinci na bakin ruwa

Mutane kan manta da wannan, alhali shi ne abokin tafiyar zaɓi na farko. Ku kama ɓangare guda na gidan abincin na sa'o'i biyu ko uku. Teburi, kujera, wuta, makewayi da masu hidima duk suna nan, kuma idan hadari ya taso kuna da inda za ku fake. Yawancinsu ba sa karɓar kuɗin haya daban, sai dai su ce dole cinikin ya kai wani adadi. Ku tambaya ko haraji da kuɗin hidima na cikin adadin, ko daga baya za a ɗora.

Hayar gida a bakin teku

Nan ne ya kamata a tsaya a yi tunani sosai, don shi ne zaɓin da ya fi daɗi idan ya yi kyau, ya fi ɗaci idan ya ɓaci. Gida guda zai zama masaukin dangi na kusa, ɗakin shirin amarya, madafa da wurin taro baki ɗaya. Idan iyalai uku ko huɗu suka raba kuɗin kwana biyu, sau da yawa ya fi kama ɗakunan otal sauƙi. Ga firji, ga ruwa, ga inda tsofaffi za su kishingiɗa idan rana ta yi zafi.

Matsalar ita ce yawancin gidajen da ake bayarwa haya ta intanet don kwana aka tanade su, ba don taro ba. Kamfanin Airbnb ma ya haramta shagalin taro a gidajen da ke dandalinsa, ya fara a 2020 a matsayin na wucin gadi, ya mayar da shi na dindindin a 2022. Saboda haka kada ku kama gida da sunan mutum takwas za su kwana, ku kawo arba'in. Maƙwabta za su kai ƙara, mai gida na iya tashinku ana tsakiyar hidima, kuɗin ajiyarku kuma ya tafi. Ku faɗa wa mai gidan gaskiya tun farko, ku sa ya rubuta amincewarsa, da yawan mutanen da ya yarda su shigo, da lokacin da za a kashe sauti. Ku ƙirga makewayin gidan, ku duba wurin ajiye motoci. Ku kuma tambaya ko filin da ke gaban gidan mallakarsa ne har bakin ruwa, don a ƙasashe da yawa sashen da ruwa ke rufewa ya janye na jama'a ne, ko da katangar gidan na kusa da shi.

Wani abin kuma, a gidan haya ku ne masu aiki. Wanda zai jera kujeru, wanda zai sayo ƙanƙara, wanda zai kwashe shara da dare, duk daga cikinku za su fito. In ba ku da mutum biyu ko uku masu zafin nama da suka yarda su rasa rabin shagalin, ku sake tunani.

Otal mai shirya komai

Shi ya fi tsada a farkon gani, shi kuma ya fi kwanciyar hankali. Otal ɗin na da ma'aikacin da aikinsa ke nan, ya san inda iska ke kaɗawa, ya san inda za a koma in ruwa ya sauko. Wasu otal ɗin sukan ce taron kyauta ne idan baƙinku suka kama ɗakuna kaza na kwana kaza. Ba kyauta ba ce, an dai mayar da nauyin kan baƙi ne, don haka ku auna aljihun waɗanda za ku gayyata. Ku karanta yarjejeniyar da idon basira: mutum nawa kuɗin ya ƙunsa, nawa ne kowane ƙarin kai, ko za su caje ku idan kun zo da mai ɗaukar hotonku daga waje (da yawa suna yi), da kuma ko biki nawa suke yi a rana guda. Ba daɗi ana ɗaukarku hoto ga wasu ango da amarya na jiran layi.

Idan wata ƙasa za ku je, ku raba taron da rajistar aure a tunaninku. A Faransa, misali, auren da doka ta sani sai a ofishin magajin gari. Shi ya sa mutane da yawa kan kammala takardunsu a inda suke zaune, su bar bakin teku ya zama wurin murna kawai.

Rana da lokaci

Wannan ba a sayen sa, amma ya fi duk abin da za ku saya tasiri. A yawancin gaɓar teku ruwa na cikowa sau biyu a yini, tazarar kusan sa'a 12 da minti 25, kuma kullum lokacin na matsawa gaba da kusan minti 50. Wato filin da kuka gani shimfiɗe da ƙarfe huɗu na yammacin yau, bayan mako guda a wannan lokacin yana iya kasancewa ƙarƙashin ruwa. Cikowar ta fi ƙarfi a kwanakin sabon wata da tsakiyarsa. A Bahar Rum bambancin kaɗan ne, amma a wasu gaɓoɓin tekun Atlantika ruwan na hawa da sauka mitoci da yawa. Jadawalin cikowar ruwa kyauta ne a intanet, ku duba na ainihin ranarku, ku sa taron lokacin da ruwa ke janyewa. Rairayin da ruwa ya bari ma ya fi tauri, ƙafar kujera ba ta nutsewa sosai.

Safe ko yamma? Ni dai safe nake zaɓa. Da rana ƙasa na riga ruwa yin zafi, sai iska ta riƙa kaɗowa daga teku, ta fi ƙarfi bayan tsakar rana. Da safe iskar a kwance take, rairayi bai gasu ba, mutane ba su cika ba. Yamma na da nata kyan, hasken sa'ar ƙarshe kafin faɗuwar rana ba shi da na biyu a hoto, sai dai ku duba inda gaɓar ta fuskanta. In gabas take kallo, rana a bayanku za ta faɗi, ba cikin ruwa ba. Kusa da layin da ya raba duniya kudu da arewa kuma duhu na shigowa da sauri, jinkirin rabin sa'a ya isa ya cinye muku hotunan.

Ranakun tsakiyar mako sun fi ƙarshen mako sauƙin kuɗi kusan ko'ina. Haka lokacin da masu yawon buɗe ido suka ragu, amma ku tambayi dalilin raguwarsu. A yankin Atlantika da Karibiyan lokacin mahaukaciyar guguwa na farawa 1 ga Yuni ya ƙare 30 ga Nuwamba, ya fi tsanani wajen Satumba. Rangwamen da za ku samu a lokacin ladar kasada ce. In za ku ɗauka, ku tabbatar an rubuta cewa za a iya ɗage ranar ba tare da asarar kafin alƙalami ba.

Kayan da suka cancanci kuɗinku

Lasifika ƙarama mai batir da makirufo mai soso a kai. Ƙarar igiyar ruwa na haɗiye muryar mutum, na layi na uku ba zai ji komai ba. Wannan kada ku yi masa rowa. Na biyu inuwa. Lema babba biyu ko uku sun wadatar da ƙaramin taro, sun kuma fi rumfa sauƙi, don rumfa a rairayi turaku ba sa riƙe ta, sai an ɗaure ta da buhunan yashi ko jarkokin ruwa. Na uku ruwan sha mai sanyi, fiye da yadda kuke zato.

Mai ɗaukar hoto ku ɗauke shi na sa'o'i biyu maimakon yini guda, amma ku nemi ya nuna muku aikin da ya taɓa yi a bakin ruwa. Hasken da ke dawowa daga rairayi da ruwa na ruɗa wanda bai saba ba, fuska ta fito baƙi, sama ta fito fari fat.

Kujeru kuwa ba sai kowa ya samu ba in taron gajere ne. Ku tanadar wa tsofaffi da masu juna biyu da marasa lafiya, sauran su tsaya a zagaye. In akwai mai tafiya a keken guragu, ku zaɓi wurin da ke da shimfiɗar katako ko tabarmar roba zuwa cikin rairayi, wasu wuraren ma na ba da aron keke mai faffaɗan taya.

Abin da za ku bari: furanni masu laushi, da ke yaushi cikin sa'a guda a iskar gishiri, da kyandir da ba zai taɓa zama a kunne ba, da doguwar shimfiɗar yadi da iska za ta naɗe tun kafin amarya ta taka. Takalmi mai tsini shi ma ya zauna a mota. Kayan sawa marasa nauyi su ne daidai, duk abin da ke yawo a kai kuma a kafe shi da allura.

Kowane wuri kuka kama, ku tambayi mai shi inda za a koma in hadari ya haɗo, da wanda zai yanke shawarar komawa, da ƙarfe nawa. Fili ne fetal, idan aka ji tsawa kowa ya bar rairayin ya shiga gini ko mota, kada a dawo sai an yi minti 30 ba a sake jin ta ba. Ku je ku ga wurin fakewar da idonku, ku ƙirga ko zai ɗauki mutanenku a zaune.