Sharhi kan Rare Replay da tsofaffin wasannin kamfanin Ultimate

Kundin Rare Replay, wanda Microsoft ya fitar a 2015 domin na'urar Xbox One, yana ɗauke da wasanni 30, amma a ganina darajarsa tana cikin guda bakwai mafiya tsufa, waɗanda kamfanin Ultimate Play the Game ya yi wa kwamfutar gida mai suna ZX Spectrum. Wa da ƙane, Chris da Tim Stamper, su ne ginshiƙan wannan kamfani da aka kafa a 1982 a garin Ashby-de-la-Zouch na Ingila, zamanin da ake sayar da wasa a kaset, sai mutum ya jira mintuna kafin wasan ya hau kwamfuta.

Jetpac na 1983 har yanzu yana da daɗin bugawa, kuma abin mamaki ne yadda aka cusa ɗan sama-jannati mai harhaɗa roka da zuba mata mai, ga abokan gaba ta kowace fuska, cikin kilobayit 16 kacal. Knight Lore na 1984 kuwa shi ne gagarabadau, domin ya nuna ɗakunan fada ta kusurwa, har mai wasa ya ga tsawo da faɗi da zurfi, abin da kamfanoni da dama suka kwaikwaya daga baya. Jarumin yakan rikiɗe ya zama kyarkeci da dare, kuma kwana 40 aka ba shi ya karya sihirin. Wasan yana da wuyar gaske, shi ya sa na yaba da maɓallin da aka ƙara na komawa baya bayan kuskure, wanda ba don shi ba da yawancin 'yan yau ba za su yi nisa ba.

Inda kundin ya gaza shi ne wajen tarihi. Akwai bidiyoyin hira da ma'aikatan Rare, kamfanin da 'yan'uwan suka koma bayan sun sayar da sunan Ultimate ga kamfanin U.S. Gold a 1985, sai dai an kulle su har sai mutum ya tara hatimai ta hanyar wasa, alhali tarihi bai kamata a ja wa mai nemansa rai ba. Haka kuma, cikin wasannin Ultimate, babu Alien 8, babu Pssst. Duk da haka, wanda yake son ganin tushen Rare da hannunsa a kan maɓalli ba zai yi asarar kuɗinsa ba.