Kujerar Stool 60 ta Artek: ƙafa uku, sukuru tara, da inda take tuntsurewa

Kujera ce marar majingina: faifan katako zagayayye, ƙafafu uku, sukuru tara. Tsayinta santimita 44, faɗin mazaunin 35. Wanda ya ga kuɗinta ya haura Yuro 200 dole ya tambayi abin da yake saye, kuma amsar tana cikin lanƙwasar ƙafar.

Alvar Aalto, mai zanen gine-gine ɗan ƙasar Finland, ya fitar da ita a 1933, bayan gwaje-gwajen da suka yi da kafinta Otto Korhonen a masana'antar Korhonen ɗin da ke garin Turku na Finland. A shekarar aka baje ta a Landan, sannan aka jera ta a zauren lacca na laburaren da Aalto ya zana, wanda aka kammala a 1935 a Viipuri, garin da yanzu yake cikin Rasha da sunan Vyborg. A 1935 ɗin ne shi da matarsa Aino, da Maire Gullichsen da Nils-Gustav Hahl suka kafa kamfanin Artek. Tun 2013 kamfanin yana hannun Vitra, wani kamfanin kayan ɗaki na Switzerland, amma har gobe a Turku ake ƙera kujerar, da farin itacen birch na dazukan Finland.

Busasshen katako mai kauri ba ya yarda a tanƙwara shi kwana, tsagewa yake yi. Dabarar ita ce a sa zarto a tsattsaga kan sandar, tsaga bayan tsaga, bin tsawon itacen, iya inda za a lanƙwasa kawai. Sai a shafa wa siraran ɓawon katako, wato fallayen da aka yanko daga itace, gam a cusa su cikin tsagogin, a sa a matsa da zafi har sandar ta kwanta kamar harafin L. In gam ya kama, ba ta sake miƙewa. Duba gefen gwiwar ƙafar za ka ga layuka siri-siri da ke ɓacewa kaɗan bayan kwanar. Daga nan zuwa ƙasa itace ne guda, ba haɗi. Nan ne babbar alamar da ake gane ta gaske. Masu kwaikwayo galibi filawud suke lanƙwasawa, don haka layukan nasu suna bin ƙafar tun daga sama har ƙasa. Amfanin wannan ƙafa shi ne ana ɗaure ta kai tsaye a ƙarƙashin mazauni, babu sandar tokare, babu sassaƙar haɗi.

A kwance take zuwa cikin kwali, an riga an huda ramukan. Kifa mazaunin a kan ƙyalle don kada ya karce, ka ɗora kowace ƙafa, ka zura sukurunta uku amma kada ka ɗaure. Sai duka taran sun shiga sannan ka bi su ɗaya bayan ɗaya da sukudireba na hannu. A guji injin ɗauri: juyi ɗaya fiye da kima yana cinye zaren da sukurun ya yanka a katako, daga nan sai ya riƙa juyawa ba ya kamawa. In hakan ta faru, shafa wa ɗan tsinken katako gam, ka cusa a ramin, ka bar shi ya kwana, ka mayar da sukurun. Bayan wasu makonni a sake matse su, musamman a ɗaki mai busasshiyar iska, domin itace na tsukewa. Mafi yawan kujerun da ake cewa sun soma girgiɗi, abin da ke damunsu ke nan, kuma in aka ci gaba da zama a kan sakakkiyar ƙafa ramin ne ke ƙara faɗi.

Ƙafa uku ba sa rawa ko da daɓen ba daidai yake ba, wannan kowa ya sani. Abin da masu talla ba sa faɗa shi ne illar hakan. Layin da ya haɗa ƙafa biyu yana nesa da tsakiyar kujerar da kusan santimita 9 kawai, alhali bakin mazaunin ya kai 17 da rabi. Wato duk wanda ya zauna a baki-baki tsakanin ƙafa biyu, ko ya sunkuya ta nan don ɗaure takalmi, nauyinsa ya fita daga inda ƙafafun ke tallafe, sai ta kife. Kada a taka ta don ɗauko kaya a sama, ko kusa. Gidan da ke da yara ƙanana ko tsofaffi gara su ɗauki ƙanwarta E60 mai ƙafa huɗu, wadda tazarar tata ta haura santimita 12. Ita kuma tana buƙatar daɓe shafaffe.

Wajen jibgewa kam ba ta da na biyu. Ƙafafun sun ɗan fita waje da bakin mazauni, don haka kowace tana hawa kan 'yar'uwarta, a ɗan murɗa ta, ƙafafun su yi ta hawa kamar tufkar igiya. Goma na cin filin guda ɗaya. A dai share mazaunin kafin a ɗora wata, don ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta ja zane.

Saman mazauni iri-iri ne. Na ɓawon birch mai banish ya fi kyau da tsufa, yana rikiɗa daga fari zuwa ruwan zuma, sai dai abin da aka daɗe da ajiyewa a kai, kamar tukunyar fure, yana barin farin zobe inda haske bai taɓa ba. Ɓawon siriri ne, sanfefa mai kaushi na iya huda shi. Na fomeka ya fi jure kofin shayi da ruwa, shi ya dace da wanda zai mai da ita ƙaramin tebur. Na linoliyam, irin abin da ake shimfiɗawa a daɓe, yana da taushi a hannu amma ba ya shiri da sabulu mai kaifi. Ɗanyen tsumma ya wadatar. Dukkansu ba na waje ba ne, ba kuma na banɗaki ba, danshi na buɗe gam ɗin gwiwa.

Zaman fiye da awa ɗaya a kanta yana gajiyar da baya, kuma ba a yi ta don tebur na aiki ba. Ta baƙon da ya ƙaru ce, da gefen gado, da bakin ƙofa. A nan ta cancanci kuɗinta, domin ƙafa in ta lalace ana kwance ta a sa wata da sukuru uku. Mai neman tsohuwa, a shagon Artek 2nd Cycle na Helsinki ko wajen dillalan tsofaffin kaya, ya fara kifa ta: ya duba ko layukan gwiwa sun buɗe baki, ko an huda sababbin ramuka kusa da na asali, ya kuma girgiza kowace ƙafa da hannu kafin a yi ciniki.