Gargaɗi kan fulotin bakin teku da ake tallata wa mazauna Amurka

Jama'a, musamman 'yan uwanmu da ke zaune a Amurka waɗanda shekarun ritaya suka fara matso musu, da duk mai ɗa ko ƙani a can da ya fara zancen sayen fili a bakin teku a wata ƙasa: a karanta wannan kafin a tura ko sisi.

An daɗe Amurkawa na tattara komatsansu suna komawa Meziko, Kosta Rika, Panama ko Beliz, saboda tsadar gida, kuɗin asibiti da sanyin hunturu da tsoho ba ya iya jurewa. Komawar ba laifi ba ce, kuma da yawa sun saya lafiya suna zaune lafiya. Sai dai duk inda 'yan fansho suka yi tururuwa da kuɗin da suka tara tsawon rayuwa, akwai masu jiransu a bakin hanya. Misalin da ya fi kowane girma shi ne wanda aka sani da Sanctuary Belize, kuma komai nasa yana rubuce a takardun kotu, ba jita-jita ba ne.

Beliz ƙaramar ƙasa ce a gaɓar tekun Karebiyan, kudu da Meziko. Ingila ce ta yi mata mulkin mallaka har zuwa 1981, don haka Turanci ne harshen gwamnati, kuma dalarta a ɗaure take da ta Amurka, biyu a kan ɗaya. Baƙo na iya mallakar fili da sunansa. Duk wannan na kwantar wa Ba'amurke hankali, ya ji kamar bai bar gida ba. A kudancin ƙasar, a gundumar Stann Creek kusa da kogin Sittee, aka killace daji mai faɗin eka kusan 14,000, aka yayyanka shi fuloti-fuloti a kan takarda. An sayar da shi da sunaye daban-daban: Sanctuary Bay, Sanctuary Belize, daga baya The Reserve. Sauya sunan nan ma kaɗai ya isa ya sa mutum ya tambayi dalili.

Tallar ba ta ɓoye ba ce. A manyan tashoshin talbijin irin su Fox News da Bloomberg aka riƙa sa ta, da kuma intanet. Kana barin lambar wayarka, sai kira ya shigo daga wani ofishi a kudancin Kalifoniya, mai magana cikin ladabi ya fara zuba maka romon baka. Za a gina asibiti mai likitocin Amurka, da otal, da filin wasan golf, da tashar jiragen ruwa, da filin saukar jirgin sama, da kantuna da gidajen cin abinci. Za a gama cikin shekara biyu zuwa biyar. Darajar fulotinka za ta ninka sau biyu ko uku cikin ɗan lokaci, kuma ranar da ka so sayarwa masu saye na nan a layi. A lokacin, farashin fuloti ɗaya kan kama daga dala 150,000 har zuwa 500,000, fili tsura, babu ko bulo ɗaya a kai. An sayar da fuloti sama da 1,000.

Amma maganar da ta fi kama mutane, wadda kuma nake so mu tsaya a kanta, ita ce wannan: wai aikin ba shi da bashin banki. Suna cewa tunda ba mu ci bashi ba, babu bankin da zai zo ya ƙwace filin, kuma kowace dala da ka biya cikin aikin take komawa, saboda haka kuɗinka ya fi zama lafiya a nan fiye da ko'ina. Ku duba yadda wannan magana za ta zauna a kunnen mutumin da ya ga maƙwabtansa sun rasa gidajensu a rikicin bashin gidaje na 2008. Ku kuma duba yadda za ta zauna a kunnen ɗan uwanmu Musulmi da ke gudun riba. Zai ce alhamdu lillahi, ga aiki mai tsafta.

Gaskiyar ita ce, rashin bankin shi ne ramin. Idan banki zai zuba kuɗi a babban aikin gini, sai ya binciki masu aikin, ya duba takardun filin, ya ga lissafin ko kuɗin zai isa, sannan ba ya sakin kuɗi sai kashi-kashi, bayan wakilinsa ya je ya ga an yi abin da aka ce. Ba don ƙaunar mai saye yake yi ba, kuɗinsa yake tsaro, amma mai saye na cin albarkacin wannan sa ido. Da aka cire banki, babu sauran mai leƙa littafin kuɗin. Kuɗin jama'a na shiga asusu kai tsaye, mai riƙe da asusun yana yin yadda ya ga dama. Ba ina cewa a je a ci bashin ruwa ba. Ina cewa duk wanda ya yi maka alfahari da rashin banki, ka tambaye shi to wa ke sa masa ido a madadin bankin, ka kuma nemi ganin rahoton masu binciken kuɗi masu zaman kansu. In ya fara kame-kame, ka samu amsarka.

To wa ke riƙe da asusun? Wani mutum ne mai suna Andris Pukke. Ba baƙo ba ne a wurin hukumar kare masu saye ta Amurka, wato FTC. Tun 2003 ta kai shi kotu kan wani kamfani mai suna AmeriDebt da ke iƙirarin taimaka wa waɗanda bashi ya yi wa katutu, alhali tatsar su yake. Daga baya an ɗaure shi wata 18 saboda ɓoye kadarori da kawo cikas ga shari'a. Mutumin da ke da irin wannan tarihi, ana buga sunansa a intanet ciniki ya watse, don haka sai ya koma amfani da sunayen bogi, Marc Romeo da Andy Storm. Masu sayen da suka ji ƙishin-ƙishin suka tambaya, sai a rantse musu cewa ba shi da hannu a harkar, ko kuma hannunsa bai taka kara ya karya ba. Alhali shi ne wuƙa shi ne nama.

Shekaru suka yi ta tafiya, babu asibiti, babu otal, babu filin golf. Mafi yawan fulotan ba a taɓa gina komai a kansu ba. Wanda ya gaji ya ce bari ya sayar ya huta, sai ya tarar babu kasuwar da aka yi masa alkawari, domin duk mai sha'awar saye kamfanin ne ke tare shi ya sayar masa da sabon fuloti. Wasu masu fulotan da suka haɗa kai suka fito fili suna kokawa, su aka maka a kotu a Beliz bisa zargin ɓata suna.

A watan Nuwamba na 2018 FTC ta sanar da cewa ta samu umarnin kotu na dakatar da harkar, ta ce ita ce damfarar filaye ta ƙetare mafi girma da ta taɓa tunkara, kuma abin da aka karɓe wa jama'a ya haura dala miliyan 100. A 2019 wani banki na Beliz, Atlantic International Bank, wanda hukumar ta zarga da taimaka wa harkar, ya amince ya biya dala miliyan 23, shi ma kuma ya rufe. A 2020 alƙali Peter Messitte na kotun tarayya a jihar Merilan ya yanke cewa yaudara aka yi, kotu ta ɗora wa Pukke da abokan harkarsa biyan dala miliyan 120.2. A 2024 kuma masu taimaka wa alƙali a wata kotun tarayya a Niyok suka same shi da laifin zamba da kawo cikas ga shari'a. Masu gabatar da ƙara sun nuna cewa ya karkatar da kusan dala miliyan 10 zuwa buƙatun kansa, ciki har da gyaran gidansa na bakin ruwa a Kalifoniya da zuba jari a wasu kamfanoni.

Kada adadin miliyan 120 ɗin nan ya ruɗe ku. Hukuncin kotu daban, kuɗi a hannu daban. Rabon farko da FTC ta aika wa waɗanda aka cuta a 2023 kusan dala miliyan 10 ne, aka raba wa mutum sama da dubu. Kowa ya yi lissafi da kansa: wanda ya biya dubu ɗari biyu, 'yan dubbai suka dawo masa a wannan zagaye, bayan shekara biyar ana shari'a. Kuma wannan a ƙasar da hukuma ke da haƙora ke nan.

Wani zai ce ai laifinsu ne da suka yi cinikin biri a sama, da sun je sun gani da idonsu. Sun je. Kai mutane yawon ganin wurin yana cikin tsarin tallar tun farko. Abin da ya kamata a gane game da irin wannan yawo, a ko'ina ake yinsa, shi ne mai sayarwa ne ke tsara shi daga sauka jirgi har komawa. Shi zai ɗauko ka, shi zai sauke ka a masauki, shi zai zaɓi hanyar da mota za ta bi da mutanen da za ka gana da su. Za ka ga teku, za ka ga katafila na ture ƙasa, za ka ga gida ɗaya ko biyu da aka ƙawata. Ba za ka ga littafin kuɗi ba, ba za ka ga ofishin rajistar filaye ba. Daren ƙarshe kuma a ce fulotin da ka nuna sha'awa akwai wani da ke nema, in ba ka ajiye kafin alƙalami yau ba, gobe ya tafi. Mutumin da ya ci ya sha kwana uku a aljihun wani, nauyin cewa a'a yake ji.

Akwai kuma inda ginin na gaske ne, filin ne ke da matsala. A Meziko, sashe na 27 na tsarin mulki ya hana baƙo mallakar fili kai tsaye a cikin kilomita 50 daga gaɓar teku ko kilomita 100 daga kan iyaka. Hanyar da doka ta yarda ita ce banki ya riƙe maka filin amana na shekara 50, ana iya sabuntawa. Sannan akwai filayen gandun al'umma da ake kira ehido, waɗanda ba a sayar wa baƙo sai an bi dogon mataki an mayar da su mallakar mutum. A shekarar 2000, a Punta Banda kusa da garin Ensenada, jami'an tsaro sun fitar da Amurkawa da dama daga gidajen da suka gina da kuɗinsu, yawancinsu 'yan fansho, bayan kotun ƙoli ta ce filin na wasu ne daban, ba na waɗanda suka ba da hayarsa ba. Duk dillalin da ya ce maka a sa sunan wani ɗan ƙasa a takarda don a kauce wa kuɗin banki, kyautar gidanka yake shirya wa wannan ɗan ƙasar.

'Yan uwanmu na Gana sun san wannan zance, domin tun bikin Shekarar Komowa ta 2019 baƙaƙen fatar Amurka ke zuwa neman fili a yankin Kef Kwas da kewayen Ankara. Tsarin mulkin Gana na 1992 bai yarda wanda ba ɗan ƙasa ba ya mallaki fili har abada ba, iyakarsa haya ta shekara 50 a lokaci guda. In baƙo ya nemi shawararku a zango, ku faɗa masa wannan tun kafin wani ya sayar masa da abin da doka ba ta sani ba.

Ga wanda duk da haka yake son saye, lauyan da zai duba maka takardu ya zama kai ka nemo shi, kai kake biyansa, ba wanda kamfani ya haɗa ka da shi ba. Shi zai je ofishin rajistar filaye, a Beliz yana babban birnin ƙasar Belmofan, ya ga sunan wa ke kan filin da ko an jinginar da shi. Ka ɗauki safiyonka ya nuna maka iyaka a ƙasa, ba a taswirar talla ba. Kuɗi ya zauna a asusun amana na ɗan tsakani, ba a sake shi sai takardar mallaka ta fito da sunanka. Ka nemi cikakkun sunayen masu kamfanin, na ainihi, ka bincika su a bayanan kotunan Amurka. Ka yi farashi da abin da ke tsaye a wurin yau, hanya da ruwa da wuta, ba da asibitin da ke cikin zane ba. Ni a ganina ma, wanda bai yi haya a gari ya ga damina da rani ba, bai kai ga sayen fili a cikinsa ba.

Wanda kuma ya riga ya faɗa, ya yi hattara da kira na biyu. Za a bugo a ce an samo maka mai saye da farashi mai tsoka, ko a ce daga ofishin lauya ne ko hukuma za a ƙwato maka kuɗinka, sai dai ka fara biyan haraji ko kuɗin takarda. Hukumar FBI ta ce tsakanin 2019 da 2023 Amurkawa kusan 6,000 sun kai ƙarar asarar kusan dala miliyan 300 ta irin wannan kira, kan ɗakunan shaƙatawa na rabon makonni (wato ɗaki ɗaya da mutane da yawa ke saye, kowa da makonninsa a shekara) da suka saya a Meziko, kuma gwamnatin Amurka ta danganta harkar da ƙungiyar masu safarar ƙwayoyi ta Halisko, musamman a garin Puerto Vallarta. FTC ba ta karɓar ko sisi kafin ta mayar wa mutum kuɗinsa. A adana kwantiragi da rasit da duk saƙonnin da aka yi musaya, a kai ƙara wurinta da wurin FBI ta shafukansu na intanet, kuma a daina ɗaga wayar mai kiran.