Keken koyon tafiya: wata guda muka yi da shi na ajiye

'Yata tana da wata bakwai ƙanwar mijina ta kawo mana keken koyon tafiya, irin mai ƙananan tayoyi da farantin kiɗa a gaba. Gaskiya ƙirarsa ta yi kyau. Mazaunin yana da taushi, ana cire shi a wanke. Satin farko har addu'a nake yi wa wadda ta kawo shi, domin ina ɗora yarinyar sai in samu sararin yin wanki.

Ƙafarta ce ta fara damuna. A cikin keken da yatsu take tura ƙasa, dunduniya a sama, jikinta rataye a mazauni, ko ganin ƙafafunta ba ta yi. Alhali mai koyon tafiya sai ya dafa abu ya miƙe, ya ɗauki nauyin jikinsa, ya faɗi zaune, ya sake yunƙurawa. Keken ya ɗauke mata wannan aikin kaf. Rarrafen da ta soma ma ya ja baya, kullum kuka take a ɗora ta.

Sai kuma gudu. Wata rana na juya ɗauko tawul, kafin in waiwayo ta kai bakin matakala. Allah ya sa na cafko keken. Har yau in na tuna gabana faɗuwa yake. Ga shi tsayin da ya ƙara mata ya sa hannunta yana kaiwa kan teburi, inda ake ajiye abu mai zafi.

Bayan wannan ne na bincika. Ashe Kanada ta haramta sayar da irin wannan keke tun 2004, har wanda aka yi amfani da shi, kuma ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta nemi a hana shi. Abin da ya kwantar mini da hankali shi ne binciken Hukumar Lafiya ta Duniya: lafiyayyun yara suna fara tafiya da kansu tsakanin wata 8 zuwa wajen wata 18. To gaggawar me nake yi?

Ba na ba kowace uwa shawarar saya. Na koma yi mata shimfiɗa a ƙasa, in zauna tare da ita, ta riƙe yatsuna muna tatata. Tana wata 13 ta saki kujera ta yi taku huɗu zuwa gwiwar babanta. Farantin kiɗan kaɗai na cire na bar mata, shi kam har yanzu tana dannawa.