Asibitin dabbobi a Agege da yadda yake yaƙar kaska, ƙuma da tsutsar ciki

Akwai wani ƙaramin asibitin dabbobi mai zaman kansa a yankin Agege, ba nisa da mayankar Oko-Oba, inda nake kai karen gadin gidanmu da kyanwar yara, kuma ina ganin ya dace Hausawan Legas masu ajiye irin waɗannan dabbobi su san aikin da ake yi a can. Mu mutanen Arewa mun san kaska a jikin shanu da tumaki, duk wanda ya taɓa leƙa kasuwar dabbobi ta Alaba Rago ya gan ta, amma da yawanmu ba mu ɗauki kare da kyanwa a cikin dabbobin da ake kai wa likita ba. A Legas kuwa zafi da laima ba sa yankewa, damina tana da tsawo, saboda haka kaska da ƙuma suna hayayyafa kusan shekara gaba ɗaya.

Abin da ya fi gamsar da ni shi ne ba sa ba da magani sai sun ɗora dabbar a kan sikeli. Kowane magani ana auna shi ne da nauyin jiki, kuma a nan suka sha bamban da masu sayar da magani a kasuwa, waɗanda ke kallon kare da ido su yanke masa adadi. Bayan awo, likitar tana buɗe kunnuwa, ta duba tsakanin yatsu da ƙarƙashin wuya, wuraren da kaska ta fi maƙalewa, sannan ta ɗaga leɓe ta kalli dasashi. Idan dasashin ya yi fari, alama ce jini ya ragu, kuma sai ta ɗebi jini a duba, domin kaska tana ɗauke da ƙwayoyin cutar da ke fasa jinin kare, su sa shi zazzaɓi da ƙin cin abinci, wani lokaci har fitsarinsa ya yi duhu. Don rigakafi suna da ƙwayar da kare ke taunawa, NexGard wadda ke aiki wata guda da Bravecto wadda ke kai mako 12, suna kuma da Frontline da ake ɗigawa a bayan wuya. Na zaɓi mai mako 12 duk da ta fi tsada, domin magidanci mai fita kasuwa tun asuba yana iya mance lissafin wata-wata.

Ba su tsaya a jikin dabba ba, kuma wannan ne dalilin da ya sa nake yaba musu da gaske. Kaskar kare mai ruwan ƙasa tana iya rayuwa a cikin gini, tana ɓuya a tsagar bango da ƙasan ɗakin kare, kuma mace guda tana zuba ƙwai dubbai. Ƙuma ma haka take: wadda ake gani tana tsalle a jikin kyanwa kaɗan ce ƙwarai, mafi yawansu ƙwai ne da 'ya'ya da ke kwance a tabarma, kafet da tsummokaran da dabbar ke kwana a kai. Saboda haka asibitin yana turo ma'aikaci ya yi feshi a ɗakin kare da jikin katanga, ya kuma dawo bayan wasu makonni domin waɗanda suka ƙyanƙyashe daga baya. A gidan haya irin namu na Agege, inda tsakar gida ɗaya ce kuma dabbobin maƙwabta suna shigowa, ba na jin wani magani zai yi tasiri in ba a haɗa da wannan ba.

Game da kyanwa, likitar ta ja mini kunne sosai. Ta ce, "Alhaji, kada ka taɓa ɗiga wa kyanwa maganin kare." Sinadarin permethrin da ke cikin wasu magungunan kare guba ne ga kyanwa, yana sa ta rawar jiki da farfaɗiya, yana iya kashe ta. Ta kuma hana shafa baƙin mai ko kalanzir a jikin dabba mai ƙaiƙayi, da wanke kare da Sniper, maganin ƙwarin da hukumar NAFDAC ta hana sayar da shi barkatai a kasuwanni tun 2019. Na san gidajen da ake yin haka da kyakkyawar niyya, kuma abin yana damuna, domin dabbar tana lasar jikinta, yara kuma suna shafa ta.

Tsarinsu na tsutsar ciki a bayyane yake. Ɗan kwikwiyo ana fara ba shi magani yana da mako 2, a maimaita duk mako 2 har ya kai mako 8, sai wata-wata har wata 6, daga nan duk wata 3. Idan aka ga wasu farare kamar ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin wutsiya, wannan tsutsa ce mai faɗi da dabbar ke samu ta haɗiye ƙuma, kuma praziquantel ne maganinta. Wasu tsutsotsin suna kama mutum ta ƙasar da kashin dabba ya ɓata, musamman yara masu wasa ba takalmi, don haka kwashe kashi kullum yana cikin maganin.

Akwai inda suka gaza. Ɗakin jira ƙarami ne, kare da kyanwa a wuri guda, kuma kyanwar takan firgita kafin a zo kanta. Ranar Asabar layin yana da tsawo. Ba su da mai jin Hausa, sai Turanci da Yarabanci, ga shi takardar da suke rubuta ranar dawowa ba ta da bayanin da mai gadi ko yaron gida zai fahimta, alhali su ne ke ba dabbar magani. Kuɗin feshin gida ma ba a faɗa mini shi tun farko ba, sai da aka gama aiki. Wanda zai je ya nemi jimillar kuɗin kafin a fara, ya zaɓi safiyar ranar aiki, ya sa kyanwa a kwando mai murfi, kuma in ya iya ya tafi da ɗan kashin dabbar na ranar a leda domin a duba shi a madubin likita.