Wainar Mama ta bayan gadar Kabuga

Jama'a duk wanda ke bin titin Gwarzo zuwa sabuwar BUK, wato Jami'ar Bayero ta Kano, da safe ya daure ya tsaya wajen matar nan mai waina a Kabuga, shagon ko allo babu, Mama kawai ɗalibai ke ce mata. Wainar shinkafa ce mai taushi, gefenta ya soyu ƙus-ƙus, miyar taushen kuma ta ji kabewa da gyaɗa, ba irin wadda ake tsulawa ruwa don ta yi auki ba. Kuɗin ma bai fi ƙarfin ɗalibi ba.

Mijinta ya rasu tun yaran suna ƙanana, da tandar nan take biyan haya da kuɗin makaranta, kafin asuba ta riga ta hura wuta. Babbar 'yarta ce ke karɓar kuɗi, littafin tsofaffin tambayoyin JAMB, jarrabawar shiga jami'a, a gefen bokitin canji duk ya sha mai, wai likitanci take so, ta yi karatun asibiti a asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, kuma kowa ya san cikin maki 400 ɗin nan na JAMB sai ka ci da yawa kafin a kalle ka. Na ji uwar tana ce mata ke ajiye kwanon nan ki koma kan karatunki, ni zan sallame su.

Matsalar dai benci biyu ne kacal, hayaƙi kuma idan iska ta juyo sai hawaye, sannan ba sa son taransfa saboda natwok. Ku zo da tsabar kuɗi, kuma kafin ƙarfe tara, bayan nan sai dai koko.